Wa Ya Taɓa Saitin?

Ɗana,

Mahaifiyarka ce ta fara tsegunta mini kafin ka zo da bakinka. Ta ce kwana biyu ba ka kwana gida ba, kana can saman benen ofishinku na wajen PZ, ido ya yi ja, abinci ma sai an tuna maka. Da ka biyo Samaru ranar Asabar muka zauna gindin darbejiya, ka warware mini zare da abawa. Shafin makarantar da kuke kula wa ya tsaya cak ranar da iyaye ke biyan kuɗin zango. Mai makaranta na ta buga waya, ku huɗu kuna kallon juna, kowa na rantsuwa bai taɓa komai ba. Sai da gari ya waye karo na biyu kuka gano ƙofa ɗaya ce aka rufe tsakanin sabar da ke ɗauke da shafin da rumbun bayanai. Gyaran bai ci minti biyar ba. Neman inda za a gyara ne ya ci kwana biyu. Har yau kuma ba ku san wanda ya rufe ƙofar ba, sai dai idanu sun karkata kan yaron nan da ya zo muku koyon aiki daga makaranta, don shi ne ƙarami, shi ne baƙo.

Ban ce maka komai ba a ranar, don kunnen mai jin zafi a toshe yake. Na bari ka huce.

Ba zan yi maka ƙaryar na fi ka sanin wannan aiki ba. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A sana'arku sau da yawa yaron ne a kan rimin, mu muna ƙasa muna tambayarsa me ya gani. Ni na fara taɓa kwamfuta zamanin da ake huda kati a jera a akwati, a miƙa ta taga, a dawo gobe a karɓi sakamako. Abin da na sani na girgijenku, bayan ritaya na bi na karanta, wani kuma a bakin irinku na tsinta. Amma abin da ya same ku ya girmi kwamfuta, kuma shi na san shi ciki da bai.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a tashar Sabon Gari. Unguwar nan da kake ratsawa kullum a kan babur dogo ne ya haife ta, tun da ya bi ta Zariya ya isa Kano a 1911, daga baya kuma aka fitar da reshen da ya nufi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Layi ɗaya ne tilo, mai zuwa da mai tafiya duk a kansa suke bi. Saboda haka direba ba ya motsa jirgi sai an damƙa masa shaidar cewa hanya tasa ce zuwa tasha ta gaba, kuma duk abin da aka yi sai ya shiga rajista: ƙarfe nawa aka nemi hanya, ƙarfe nawa aka bayar, yaushe jirgi ya tashi, yaushe tasha ta gaba ta ce ya iso, wa ke bakin aiki. Ina yaro nakan kai masa abincin rana. Sau da yawa zan ajiye kwano, tuwo na hucewa, shi yana sunkuye kan wannan babban littafi, ba zai wanke hannu ba sai ya gama layin da yake rubutawa. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake wahalar da kansa alhali duk jiragen suna kansa, ko cikin barci aka tashe shi zai lissafa su. Ya nuna mini cewa ba don kansa yake rubutawa ba. Yana rubuta wa wanda zai karɓe shi da dare, wanda bai ga abin da ya gani da rana ba. Yana kuma rubuta wa ranar da za a zo bincike, ranar da bakin mutum ba ya wanke shi sai takarda.

Na daɗe ban fahimci kashi na biyu na maganar ba. Zan zo kan yadda na fahimce shi.

Abin nan da kuke kira girgije, ko kilawud, haya ce kawai. Kwamfutocin wasu ne jibge a manyan gine-gine, ku kuna kama ɗaki a ciki. Amazon ya fara bayar da irin wannan haya a 2006. Microsoft ya buɗe nasa gidajen a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi a Cape Town a 2020, Google ya buɗe a Johannesburg a 2024. A nan gida akwai ƙaramin reshen da Amazon ya kafa a Legas a 2023, akwai kuma Galaxy Backbone da ke ɗauke wa gwamnati nata kayan. Yarjejeniyar kuwa irin ta ɗakunan ɗalibai ce a Hayin Dogo: katanga da rufi da wuta na mai gida ne, kulle ƙofar ɗaki na ɗan haya ne. In ka bar taga a buɗe aka zare maka waya, ba ka da bakin kai ƙarar mai gida. Kuma a girgije tagogin da ƙofofin duk saiti ne: wa zai shiga, ta wace ƙofa, daga wane adireshi, wane rumbu ne na kowa da kowa, wanne ne na sirri, kwana nawa za a ajiye kwafi kafin a goge.

A zamaninmu in mutum zai canza wani abu sai ya karɓi makulli, ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin sanyi, mai gadi ya gan shi, ya sa hannu. Ko bai rubuta ba ya bar sawu. Yau mutum na kwance kan tabarma ƙarfe biyun dare, da wayar hannu, zai iya buɗe ƙofa a wata kwamfuta da ke wata nahiya, ya juya ya ci gaba da barcinsa. Babu mai gadi, babu ƙura a ƙasa. Sawun da ya rage kaɗai shi ne wanda aka shirya na'ura ta riƙa ɗauka.

Kada ka ɗauka ƙanƙantar kamfaninku ce ta jawo muku. Ranar 12 ga Nuwamba 2018, injiniyoyin MainOne a Legas suna cikin aikin sabunta hanyoyinsu suka yi kuskuren saiti, sai zirga-zirgar da ta nufi Google daga sassan duniya ta karkata ta bi ta Rasha da Sin. Minti 74 abin ya ɗauka, har wasu a waje suka fara kiran satar hanya ce. Washegari kamfanin ya fito ya ce kuskurensa ne. Ka kuma tuna 4 ga Oktoba 2021, ranar da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke daga bayan La'asar har cikin dare, wajen awa shida. Mutane a kasuwar Sabon Gari suna ta kashe waya suna kunnawa, wasu suna sake sayen data, ana ta tsine wa kamfanonin waya da ba su ji ba ba su gani ba. Umarni ɗaya ne aka bayar a Facebook yayin aikin gyara na yau da kullum, ya yanke hanyoyin da suka haɗa cibiyoyinsu, na'urar da aka ajiye don ta tare irin wannan umarni ita ma tana da nata lahani, ta bar shi ya wuce. Abin da nake so ka lura da shi a nan: kafin kwana ɗaya ko biyu, dukansu sun iya nuna canjin da ya jawo abin da yatsa. Kuskure kam sun yi, irin naku. Ba su dai tsaya rantse-rantse ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai, wataƙila don ni ma ɗan fansho ne, shi ne na UniSuper, asusun fanshon ma'aikatan jami'o'i a Ostireliya, mai mambobi sama da dubu 600. A watan Mayu 2024 aka wayi gari gidan da suka kama a girgijen Google ya ɓace. Da aka bi sawu sai aka tarar tun lokacin da ake kafa musu shi ma'aikatan Google suka bar wani gurbi ɗaya ba su cike ba, na'ura kuma ta cike shi da kanta da wa'adin shekara ɗaya, in ya cika a goge. Shekara guda abin na kwance shiru, komai na tafiya lafiya, ranar da wa'adi ya cika ta yi abin da aka bar ta ta yi. Kusan mako biyu mutane ba sa iya ganin kuɗin tsufansu. Kwafin ajiya da suke da shi, har da wanda suka ajiye a hannun wani kamfani dabam, shi ya rufa musu asiri. Ka ga ke nan ba kowane canji ke cizo ranar da aka yi shi ba. Wani kamar gara yake, sai azara ta faɗo a san yana ciki.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Ku da kuke haya a Amazon akwai rajistar da ake kira CloudTrail, wadda ke rubuta umarnin gudanarwa da aka bayar: wane suna ne ya bayar, yaushe, daga wane adireshi, me ya nema. Ko ba ku kunna komai ba tana riƙe muku na kwana 90 kyauta. Ta Microsoft, Activity Log, ita ma kwana 90 ce. Ta Google da ke rubuta ayyukan masu gudanarwa tana riƙe kwana 400. Kwana 90 bai kai zangon karatu ɗaya na jami'a ba. Abin da aka taɓa kafin azumi, in bai tashi cizo ba sai bayan Babbar Sallah, kuna zuwa dubawa za ku tarar shafin ya riga ya shuɗe. Maganin ba wuya: a shirya rajistar ta riƙa zuba kwafinta a wani rumbu da zai daɗe, kuma a ce ta ɗauki duk yankunan da kamfanin ke da gidaje, har waɗanda ba ku taɓa leƙawa ba. Ɓarawon da ya samu makulli ba ya kunna injinan haƙar kuɗin intanet a ɗakin da kuke zama. Can ƙuryar da ba ku zuwa yake kafa su, sai ƙarshen wata bil ya ba ku labari.

Akwai kuma wata dabam, AWS Config, da suka fito da ita a 2014. Ita aikinta ɗaukar hoton saitin kowane abu duk sa'ad da ya canza, ta jera maka su bisa lokaci, ka ga yadda ƙofar take ranar Litinin da yadda ta koma ranar Talata, da abubuwan da ke rataye da ita. Kana iya kafa mata ƙa'ida, misali kada a bar ƙofa ta 22 ko ta 3389 a buɗe ga duk duniya, kada rumbu ya zama na kowa da kowa, ita kuma ta ɗaga tuta da zarar an karya. Da tana kunne a wurinku, kwana biyun nan da ya koma kwata. Sai dai ba ta zuwa a kunne, kuma ba ta san abin da ya faru kafin a kunna ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na san ana biyanta bisa yawan canjin da ta rubuta, a farashin dala kuma, na kuma san yadda dala ta koma tun da aka saki naira a Yunin 2023. In aljihu bai kai a ɗauki komai ba, a ɗauki ƙofofi da makullai da rumbuna. Sauran su jira.

Amma ka ce mini kun duba CloudTrail, kun ga layin da aka rufe ƙofar, kun ga lokacin. Da kuka duba suna sai kuka ga sunan da dukanku kuke shiga da shi. Nan ne gizo ke saƙar, ɗana. Mutum huɗu, makulli ɗaya, kalmar sirri ɗaya da ke yawo a WhatsApp tun shekarar da aka buɗe ofis. Na'ura ta yi aikinta, ta rubuta gaskiya, gaskiyar ce ba ta da amfani, kamar a ce rajistar tasha ta nuna "ma'aikaci" ne ya ba jirgi hanya. Kowa ya samu sunansa da makullinsa, da shaida ta biyu a wayarsa, kuma a ba shi iya ƙofofin da aikinsa ke buƙata. Babban makullin nan na asali a kulle shi, a manta da shi sai ranar larura. Ranar da ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa, ko mai koyon aiki ya koma makaranta, a yi masa walima in ana so, amma a karɓe makulli kafin ya sauka daga bene. Wannan ba ya ci ko kwabo.

Wani ɗan abu kuma da ya sha kunyata masu bincike: agogon waɗannan rajistoci na Girinwich ne, yana bayan namu da awa ɗaya. In ka ga 13:10 a asalin rubutun, a Zariya ƙarfe biyu da minti goma ne. Kafin ka ce ai a lokacin wane ne kaɗai a ofis, sauran sun tafi salla, ka tabbata da wane agogo kake magana.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa mahaifiyarka ba. A wani wuri da na yi aiki, ba sai na kama suna ba, wata rana da yamma wani babba ya matsa sai aikinsa ya fita a daren. Wuri ya yi ƙaranci a na'ura, sai na dakatar da aikin da ke ɗaukar kwafin ajiya kowane dare, da niyyar in mayar da safe. Ban rubuta ba, don me zan rubuta abin da zai kwana ɗaya? Da asuba aka aiko mini an yi rasuwa a gida. Na yi mako guda, na dawo na tarar da aiki ya taru, abin ya fita daga kaina fit. Bayan mako shida faifai ya mutu. Aka je ɗauko kwafi, babu na mako shida. Mutane suka zauna suna sake shigar da takardu da hannu kusan wata guda. Yaron da ke aikin dare aka ɗora wa, don shi ke canza kaset, aka rubuta masa takardar gargaɗi, aka mayar da shi wani sashe. Ni kuwa wallahi a lokacin ban tuna ba. Da bakina na ce ban taɓa komai ba, kuma ina ganin gaskiya nake faɗa. Sai bayan watanni, ina wani aiki, na ci karo da wurin, hannuna ya gane aikinsa kafin kaina ya gane. Na je na faɗa, na nemi yaron na roƙe shi gafara, ya yafe. Takardar dai ta riga ta shiga fayil ɗinsa, ƙarin girman shekarar ya wuce shi.

Ranar na fahimci kakanka. Ina kuma so ka lura, cikin ku huɗun nan mai yiwuwa babu maƙaryaci. Mai yiwuwa wanda ya rufe ƙofar ya rufe ta da kyakkyawar niyya, yana share abin da ya ɗauka shara ne, ya manta. Mai yiwuwa kai ne.

Shi ya sa nake cewa rajistar na'ura, duk kyanta, rabin aiki ce. Za ta gaya maka wa, da me, da yaushe. Ba za ta taɓa gaya maka don me ba. Wannan sai ɗan Adam ya rubuta. Kafin ka taɓa saiti, ka rubuta yadda ka same shi, yadda za ka mayar da shi, dalili, wanda ya nema, da yadda za a koma baya in abin ya ƙi. In na wucin gadi ne ka sa ranar cirewa, don a wannan aiki babu abin da ya kai na wucin gadi tsawon rai. Layi biyar ne. Ku da kuka iya, ku rubuta saitin kansa a fayil da irin su Terraform, ku ajiye a Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira tun 2005, yadda kowane canji zai zo da sunan mai shi da bayaninsa, kuma na'ura ta iya gwada abin da ke takarda da abin da ke girgije ta nuna inda suka saɓa. Amma in za ka rubuta bayani ka rubuta na kirki. Na leƙa allonka ranar nan na ga "gyara", "gyara kuma", "gyara na ƙarshe", "na ƙarshe da gaske". Wanda zai karanta wannan bayan shekara, ƙarfe ukun dare, mai makaranta na kan waya, me ka ba shi? In duk wannan ya yi muku nisa a yanzu, ku shiga kasuwa ku sayi littafi mai kauri irin na 'yan kanti, ku ɗaure masa biro da zare. Ya fi zauren WhatsApp, inda waya ke faɗawa ruwa, ake goge saƙo, maganar aiki ke nutsewa cikin gayyatar ɗaurin aure.

Kana wuce kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Palladan kullum a hanyarka ta zuwa aiki. Tun 1964 take nan. Ka tambayi duk wanda ya koyi gyaran jirgi a ciki: ba a sakin jirgi ya tashi bayan gyara sai injiniya mai lasisi ya sa hannu a littafinsa, in kuma abin da aka taɓa ya shafi sarrafa jirgin ne, sai wani na biyu ya zo ya duba da idonsa shi ma ya sa hannu. Ba wanda ke jin an raina shi. Ku ma canjin da ya shafi ƙofa ko makulli ko gogewa, wani ya gani kafin a danna. Ko da yaron nan mai koyon aiki ne, ka karanta masa da ƙarfi abin da za ka yi. Rabin kurakurai a bakin mai karantawa suke fallasa kansu.

Na san abin da za ka tarar in ka kai wannan magana ofis. Wani zai ɓata fuska ya ce, wato ba a yarda da mu ba ke nan? Mu mutane ne masu jin nauyin juna, neman sa hannu a wurin aboki kan yi mana kama da zargi. Ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka umarta su rubuta a tsakaninsu, ba a ce sai da baƙo ko wanda ake tuhuma ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda rubutu ya fi karewa ma shi ne mai gaskiya mara gata. Babba yana da bakin kare kansa. Ƙarami ba shi da kowa sai layin nan da ya nuna ba sunansa ba ne.

Sai dai rajista ba ta rayuwa a gidan da ake wulaƙanta mai kuskure. In wanda ya ce ni ne za a tsire shi gaban jama'a, gobe kowa zai koyi aiki a ɓoye, littafi ya cika da ƙarya ko ya zauna fari fat. A ƙarshen Fabrairun 2017 wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskuren buga umarni, ya sauke sabobi fiye da yadda ya nufa, shafuka da yawa a duniya suka tsaya na wajen awa huɗu. A bayanin da suka fitar ba su kama sunansa ba. Kayan aikin suka gyara, yadda ba zai ƙara yarda a sauke da yawa haka a lokaci ɗaya ba. In Allah ya sa wata rana kai ne babba, ka tuna da wannan. In kuma yanzu za ka gaya wa maigidanka, ka zaɓi lokacin da ya ci ya sha, ka kawo shi a matsayin abin da zai hana mai makaranta sake kiransa da tsakar dare.

Ban yi maganar ɓarayi sosai ba don kada in tsorata ka, amma ba za a tsallake su ba. Abu na farko da gwanin ɓarawo ke nema in ya shiga shi ne ya kashe rajista ko ya goge ta. Saboda haka kwafinta ya zauna a wani asusu dabam da makullan yau da kullum ba sa buɗewa, kuma a sa ƙararrawa: duk ranar da aka dakatar da ita, ko aka shiga da babban makulli, saƙo ya faɗo wayar mutum biyu. Bankin Capital One na Amurka, ta kuskuren saitin katangar tsaro aka shige shi a Maris 2019, bai sani ba sai a Yuli, da wani daga waje ya ankarar da shi. Bayanan mutum sama da miliyan 100 suka fita, hukuma ta ci shi tarar dala miliyan 80. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku abin da ke hannunku sunayen yara ne, da hotunansu, da lambobin iyayensu, da adireshin gidajensu, a wannan zamani da ka san abin da miyagu ke yi da irin wannan. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukuma in aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da mutane. Tambayar farko da za a yi muku ita ce me ya buɗe, tun yaushe, wa ya shiga. Ku da kuka yi awa 48 kuna neman ƙofar da ta rufe, wadda ke ihu da kanta, ka auna yadda za ku yi da wadda ta buɗe, da ba ta cewa uffan.

Ƙaramin abu na ƙarshe, don aljihunku: duk abin da kuka kunna a girgije ku sa masa shaida kamar yadda ake yi wa dabba kafin a kai ta kiwo, na wane ne, na wane aiki, yaushe za a kashe. Injin da ba a san mai shi ba kowa tsoron kashe shi yake, shi kuwa yana nan yana cin dala dare da rana. Kuma don Allah ku daina taɓa saiti ranar Juma'a da yamma.

Gobe in ka je ofis, kafin ka kunna komai, ka kira yaron nan gefe ka gaya masa cewa ba ku da wata hujja a kansa, ka kuma faɗi haka gaban sauran. Sannan ku raba makullai. Ranar Asabar ina gida bayan La'asar. Ka zo da kwamfutarka, ina so in ga sunaye huɗu a rajistar da idona. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata zumar da ta aiko ta iso.

Kawunka,
daga Samaru.